Ina so in tafi Ghana aikin sa kai ni kaɗai, Baba ya ce sai ya ji ta bakin waɗanda suka san hanya

Ummi_Rikkos ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa bin hanyar Ghana ko suka taɓa yin aikin sa kai nesa da gida. Ku yi haƙuri zan ɗan ja bayanin, don in ban faɗi komai ba shawarar ba za ta zo daidai ba.

Ni 'yar Jos ce, a Rikkos aka haife ni, na karanta harkar gandun daji a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos, bara na gama bautar ƙasa, tun lokacin ina gida ina ɗan taya Mama harkar kayan miya. Kwanaki wata malamarmu ta turo sanarwa a gurup ɗinmu na tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, wai wata ƙungiya a Ghana tana neman 'yan sa kai na sati 6 daga watan Mayu, aikin rainon dashe da shuka bishiyoyi a filayen da masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba suka lalata, abin da su can suke kira galamsey. Ƙauyen yana kusa da Dunkwa a bakin kogin Offin, kudu da Kumasi. Na cike fom ban ma sa rai ba, sai gashi sun amsa sun ce in zo. Wurin kwana da abinci nasu ne, kuɗin mota nawa ne, kuma ba albashi. Ban san kowa cikin sauran 'yan sa kan ba, daga Najeriya dai ni kaɗai suka ɗauka.

Abin da yasa na ɗora raina a kan abin nan, duk ɗan Jos zai gane. Mu da kududdufan kuza muka tashi. Kakata a Bukuru take, tun muna yara in za mu je wajenta sai mu yi ta wuce waɗannan ramukan cike da ruwa da tsibin jar ƙasa a gefensu, daga Rayfield har can wajen Barkin Ladi haka abin yake, Turawa sun kwashe kuza sun tafi sun bar mana ramuka. Akwai yaron maƙwabtan kakata da muke wasa tare, ya je wanka a ɗaya daga ciki bai dawo ba, shekararsa 9. Har yau in na ga ruwan nan kwance shiru sai gabana ya faɗi. Da na shiga makaranta na ga cewa an taɓa ƙoƙarin gyara wasu filayen, aka cike wasu aka shuka bishiyar turare, amma duk wanda ya shiga cikin turaren nan ya san ƙarƙashinta kusan ba abin da ke fitowa, manoma ma ba sa sonta kusa da gona. To ni ina so in ga da idona yadda ake farfaɗo da ƙasar da haƙa ta kashe da bishiyoyin asalin wurin, tun daga yadda ake gyara ƙasar kafin a sa dashe har yadda ake shawo kan mutanen gari su kula da shi. A littafi na karanta, amma ban taɓa sa hannuna a ciki ba. Burina in dawo in gwada ko da a kududdufi ɗaya ne a Bukuru.

Matsalar ita ce ban taɓa fita Najeriya ba, mafi nisan da na je shi ne inda na yi bautar ƙasa. Mama ta yarda amma hankalinta ba a kwance yake ba, Baba kuma bai ce a'a ba bai ce eh ba, cewa yayi in nemo masa wanda ya san hanya ya ji ta bakinsa. Fasfo ina da shi. Shin ana buƙatar biza? Mota ta fi ko jirgi, don kuɗin hannuna ba yawa? Mace ita kaɗai da hijabi a wancan yankin ya ake kallonta, sallah da abinci fa? Sannan ta yaya zan tabbatar ƙungiyar nan ta gaskiya ce, don wallahi ina jin labaran da ake bayarwa kuma ina tsoro. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baban_Khalifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Ni ɗan Gangare ne, na fi shekara 15 ina zuwa Kumasi harkar kasuwa, to bari in faɗa miki abin da na sani na hanya, sauran kuma masana su ƙara.

Biza babu. Ghana tana cikin ECOWAS, ɗan Najeriya yana shiga da fasfonsa ya zauna har kwana 90, sati 6 ɗinki bai kai nan ba. Amma ki tabbata an buga miki hatimi a kowace boda, shiga da fita, kar wani ya ce miki kawo kaza in tsallakar da ke ta baya ya fi sauri. Wanda ya shiga ba hatimi shi ne yake shan wahala ranar dawowa. Sai katin rigakafin cutar shawara, wannan ruwan ɗorawan, in ba ki da shi tun a Seme za a fara tsayar da ke. Kuma tunda aiki za ki yi ko da ba na albashi bane, ki sa su turo miki wasiƙar gayyata mai ɗauke da sunanki da adireshinsu da lambar waya, ki buga ta a takarda kwafi 2, ki kuma leƙa ofishin jakadancin Ghana a Abuja ki tambaya ko akwai wata takarda da ake nema wajen ɗan sa kai. Tambaya ba ta ɓata komai.

Hanyar mota ita ce Jos zuwa Legas, wannan kaɗai yini guda ne cur, wani lokaci har dare ya raba. Daga Legas a bi Badagry zuwa Seme, a shiga Benin a wuce Kwatano, a tsallaka Hilakonji a shiga Togo, Lome na nan kusa, daga Lome kuma bodar Aflao a bakin gari take, kin shiga Ghana kenan, sai Accra. Boda 3 kenan. Nisan a taswira ba wani abu bane, tsaye-tsayen ne ke cin lokaci, shingayen da ke tsakanin Badagry da Seme kaɗai sun isa su gajiyar da mutum. In mota za ki bi to ki shiga babbar bas ta kamfani irin su ABC wadda za ta ɗauke ki daga Legas ta sauke ki Accra, su suke tattara fasfo su bi da fasinja a boda, kar ki yi yanke-yanke da ƙananan motoci, wannan sai mu da muka saba kuma muke jin ɗan Faransanci. Hanyar arewa ta Nijar da Burkina kuma ki cire ta a ranki gaba ɗaya, ba lafiya, kuma tun Janairun 2025 sun fice daga ECOWAS.

Amma tsakani da Allah in 'yata ce ta cikina, tafiyar farko, ita kaɗai, zan ce a daure a haɗa kuɗin jirgi ko da na zuwa ne kawai. Legas zuwa Accra kamar awa 1 ne a sama, daga Abuja ma ana samu. In kin yi sati 6 idonki ya buɗe sai ki dawo ta mota in kina so. Daga Accra akwai manyan bas a tashar Circle masu zuwa Kumasi, awa 5 zuwa 6 gwargwadon cunkoso, daga Kumasi sai ki bi ta Obuasi zuwa Dunkwa. Ki tsara yadda ba za ki isa ko'ina da dare ba. Agogonsu yana bayan namu da awa 1, ki tuna da wannan wajen lokacin sallah da kiran gida. Kuɗinsu sidi ne, Benin da Togo kuma sefa, kar ki canza da yawa a boda, kaɗan na ruwa da abinci ya isa.

Maganar hijabi kuma ki kwantar da hankalinki. Ba garin da za ki shiga a Ghana mai ɗan girma ki rasa zango, kuma Hausa ake yi a zango. A Accra ga Nima ga Mamobi ga Sabon Zango, a Kumasi ga Aboabo da Asawase, in kika shiga sai ki ɗauka kina Bauchi Road a Jos. Babban limamin ƙasar ma, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, Hausa yake yi, kuma Kirista da Musulmi duk suna girmama shi. Da safe za ki ga koko da ƙosai a bakin titi, shinkafa da waken da suke ce wa waakye ai sunan daga wake ne, ga tuwon zafi. Kakanninmu fataken goro ne suka buɗe hanyar nan tun ana zuwa Gwanja da Salaga da jakuna. Ni kakana a Kumasi ya yi kusan rabin rayuwarsa, sai a 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi ya dawo, har ya rasu yana ba mu labarin garin. Sai dai ƙauyen da za ki je wataƙila yarensu na Twi kawai ake ji da Turanci, to ki koyi gaisuwa, medaase shi ne na gode, ki riƙe shi da kyau.

Ki gaya wa mahaifinki in yana so mu haɗu bayan sallar Juma'a a babban masallaci in masa bayani baki da baki, ba komai. Ki turo min saƙo ta akwati.

Maman_Hanan ta rubuta:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, wallahi labarin yaron nan ya taɓa ni, don mu ma mun rasa ɗan ƙanin babanmu a irin wannan ruwan. Ni nas ce a Abuja amma Jos na tashi, bari in yi magana ta ɓangaren lafiya tunda Baban Khalifa ya gama da hanya.

Allurar shawara sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, to kar ki bari sai ana gobe tafiya. Sau ɗaya ake yi ya isa har ƙarshen rayuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire maganar sabuntawa duk shekara 10. Ki je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa da kanki a yi miki allurar a ba ki katin, akwai su a filin jirgin Abuja. Dan Allah kar ki sayi kati a hannun ɗan tasha ba tare da allura ba, daji za ki shiga fa, kanki za ki cuta ba jami'in boda ba.

Abin da na fi ji miki shi ne yanayi. Mu 'yan Jos mun saba da sanyi, garinmu yana sama da mita 1,200, ko Abuja muka sauko sai mu yi ta haki. Can kuma ƙasa-ƙasa ne, kurmi ne, zafin ba irin na Kano bane mai bushewa, zafi ne mai laima wanda gumi ba ya bushewa a jiki, kaya ma in kika shanya sai su kwana 2 da danshi. Mayu da Yuni kuma tsakiyar babbar daminarsu ce, shi yasa ma suke shuka a lokacin. Ki nemi hijabai na auduga marasa nauyi masu tsayawa a gwiwa, da dogon wando da riga mai dogon hannu na aiki, manyan hijaban roba ɗin nan za su dafa ki kuma za su riƙa kama ƙaya. Takalmin ruwa dole ne saboda taɓo da macizai, kuma kullum da safe ki zazzage shi kafin ki sa ƙafa.

Maleriya kuma kar ki ce ai mun saba da ita. Inda aka yi haƙa ramuka ne ko'ina cike da ruwa, gidan sauro kenan na gaske. Ki tafi da gidan sauronki mai magani kar ki dogara da nasu, da man shafawa na korar sauro, ki ga likita kafin ki tafi ya duba ko zai ɗora ki a maganin kariya, ya kuma rubuta miki maganin maleriya na ACT ki riƙe. In zazzaɓi ya kama ki a yi gwaji a ranar, ba a jira a ga gobe. Ki tambaye su tun yanzu asibiti mafi kusa ina ne, minti nawa ne a mota, kuma wa ke biya in ɗan sa kai ya kwanta. Ƙungiyar kirki tana da amsar wannan a shirye.

Sai ruwa. Kogunan yankin nan, Offin da Pra da Ankobra, galamsey ya mai da su kamar kunun kanwa, kuma masu haƙar suna amfani da zaiba wajen kama zinare, ita kuma tana taruwa a jikin kifi. Kar ki sha, kar ki yi alwala da shi, kar ki shiga wanka, ga kuma tsargiya a ruwan da ke kwance. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan haƙar zinare, ba ma wasa da ƙasar wurin haƙa. Ki sa safar hannu in kina aiki, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ci komai. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jikin kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, in kika sa sai tsutsa ta shiga fata ta yi kamar maruru. Maganinsa guga, ki goge komai har na ciki. Ki sa ORS, wato haɗin gishiri da sukari na gudawa, da audugar mata isasshiya a jaka, ƙauye ba lallai ki samu irin wadda kika saba ba.

Abu_Fatima ya rubuta:

'Yar'uwa Allah ya saka miki da niyyarki, gyaran ƙasa da shuka bishiya aikin lada ne babu shakka. Amma ni gaskiya zan faɗa miki ko da ba za ta yi daɗi ba, hankalina bai kwanta da kalmar ni kaɗai ɗin nan ba.

Na farko akwai maganar muharrami, hadisin da ya hana mace doguwar tafiya ba tare da muharrami ba ingantacce ne kuma sananne. Na san malaman Malikiyya sun yi sauƙi a hajjin farilla in akwai amintacciyar tawaga, kuma akwai malaman zamani da suka faɗaɗa wannan in an samu aminci a hanya, wasu kuma ba su yarda ba. Ni ba mai fatawa bane, amma ki je ke da mahaifinki wajen malamin da kuka yarda da iliminsa ku faɗa masa komai yadda yake, kar a ɓoye masa cewa boda 3 ce kuma sati 6 ne. Ba ki da wa ko ƙane da zai raka ki ya ga wurin da idonsa ya dawo?

Na biyu shi ne wanda ya fi tsorata ni. A unguwarmu nan Abuja akwai yaron da abokinsa ya kira shi Ghana wai an samo masa aiki, iyayensa suka sayar da fili suka tura kuɗin rajista, yana isa aka karɓe fasfonsa da wayarsa aka zuba su a wani gida su da yawa, wai sai ya kira 'yan uwansa ya jawo mutum 2 kafin ya fara samun kuɗi. Wata 5 yayi kafin Allah ya kuɓutar da shi, ya dawo kamar ba shi ba. Kuma ta hannun wanda ya sani aka kira shi, shi yasa cewa malamarku ce ta turo bai isa hujja ba, wataƙila ita ma turo mata aka yi ta tura da kyakkyawar niyya. Ki koma ki tambaye ta, ta san su ne ko gani tayi kawai? Ki nemi lambar rajistarsu, ki nemi a haɗa ki da mutum 2 da suka yi aiki da su bara ki yi magana da su ta bidiyo, ki ce su zagaya da ke wurin rainon dashen da ɗakin da za ki kwana kina kallo kai tsaye. In da gaske aikin daji suke yi to hukumar gandun daji ta Ghana ko cibiyar binciken daji da ke Fumesua kusa da Kumasi za su san da su, ki rubuta musu. NAPTIP ma, hukumar yaƙi da safarar mutane, suna da ofis a Abuja, kina iya zuwa ki nuna musu takardun. Duk ranar da aka ce turo kuɗi kafin ki zo, ko kawo fasfonki mu ajiye miki, to magana ta ƙare.

Sannan filayen galamsey ba wurin wasa bane, akwai masu kuɗi a bayan abin, ana arangama da jami'an tsaro a wasu wuraren. Ki tambaya filin da za ku shuka an daina haƙa a cikinsa ne gaba ɗaya, kuma sarkin garin ne ya bayar?

Zee_Tudunwada ta rubuta:

Malam Abu Fatima ya faɗi gaskiya a maganar bincike, ko kalma ɗaya ban cire ba. Amma Ummi ni zan ce in binciken ya fito da kyau kuma Baba ya sa albarka, ki tafi. Na yi wata 2 ina aikin sa kai a kurmin Kuros Riba wajen Boki, ni ma ba wanda na sani, kuma har yau ba abin da ya koya min aiki kamarsa.

Abin da nake so ki shirya masa shi ne aikin ba kamar hoton da suke sawa bane. Yawancin kwanakin cika leda da ƙasa ne, ɗaukar dashe a kai ko a baro cikin taɓo, ban ruwa, cire ciyawa, bayanki zai yi ciwo hannunki zai yi kanta. Satin farko na yi kuka ba sau ɗaya ba, ba don an min komai ba, kewar gida ce kawai da rashin jin kiran sallah, sai da na sa a waya. Netwok sai an hau tudu. Abinci kuma ki faɗa musu tun kafin ki zo cewa ba kya cin alade da naman daji da abin da ba yankan Musulmi ba, ni kifi da wake da ƙwai na rayu a kai, kuma ba wanda ya ji haushi, har matar da ke mana girki ta ware min tukunya. Ki tafi da yajinki da garin kunu da ɗan kilishi, ranar da fufu ya ishe ki za ki gode min. Ki nemi ɗakin mata zalla mai sakata ta ciki, wannan haƙƙinki ne ba alfarma ba.

Kuma tunda burinki Bukuru ne ki riƙe littafi ki rubuta komai, amma ki sani bishiyar da ta yi a kurmi ba lallai ta yi a dutsen Jos ba, ruwansu ya fi namu daɗewa, mu muna da rani na wata 5 da hunturu. Abin da za ki ɗauko shi ne dabarar, yadda suke baje tsibin ƙasa, abin da suke fara shukawa don ƙasar ta dawo da rai kafin manyan bishiyoyi, da yadda suke zama da masu gari. Kar ki manta kududdufan namu mutane na noman rani da su, kabeji da tumatir da karas, in kika zo da maganar cikewa kai tsaye manoma ne za su fara yaƙar ki.

Ummi_Rikkos ta rubuta:

Wallahi ban san da wane baki zan gode muku ba. Jiya da daddare na karanta wa Baba da Mama duka amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya, Baba yayi shiru har na gama, da na zo kan labarin yaron da aka karɓe wa fasfo sai ya ce in maimaita.

Malam na bi shawararka na kira malamarmu, ta ce ta haɗu da ɗaya daga cikin masu ƙungiyar a wani taro amma ita ba ta taɓa zuwa wurin ba, to ka ga ashe da sauran aiki. Na tura musu saƙo yau da safe na nemi lambar rajista da wasiƙar gayyata da lambobin waɗanda suka yi bara, na kuma yi tambayar filin da ta asibiti. Sun amsa cewa za su haɗa ni da wata 'yar Tamale da ta yi da su, Musulma ce, ranar Asabar za mu yi magana ta bidiyo kuma Mama ta ce tana zaune a gefena za a yi. Har yanzu dai ba su nemi ko sisi ba. Maganar muharrami kuma Baba ya ce shi zai je wajen malaminsu da kansa, sannan yana tunanin Yaya Sani ya raka ni har Dunkwa ya kwana 2 ya dawo, in sati 6 ya cika kuma ya zo ya ɗauke ni. In haka ne kuɗin jirgi na mutum 2 ba zai yiwu ba sai dai mota, kuma sai na sayar da keken ɗinkina, wannan ne ban gama yanke shawara a kai ba don da shi nake ɗan samun na kashewa.

Anti Maman Hanan ranar Talata zan shigo Abuja maganar allurar, zan haɗa da ofishin jakadancin gaba ɗaya. Zee maganar manoman rani ta tsaya min a rai, ban taɓa kallonta ta nan ba, kuma kawuna ma da ruwan kududdufi yake noman kabejinsa, in na je Bukuru jibi zan zauna da shi in ji.

Baba Baban Khalifa na tura maka saƙo, Baba ya ce Juma'ar nan in Allah ya kai mu, ta ƙofar da ake sayar da littattafai. Yaya Sani ba shi da fasfo, shin takardar tafiya ta ECOWAS za ta ishe shi a bodojin nan ko sai ya yi fasfo?

Baban_Khalifa ya rubuta:

Ta isa 'yata, da ita yarana suke bina, a ofishin shige da fice ake yinta. Amma shi ma sai ya yi katin shawara, ku tafi Abujan tare ranar Talata. Ki ce wa mahaifinki ya zo da wasiƙar in sun turo kafin Juma'a in duba adireshin, ina da mai masauki a Aboabo da ke da 'yan uwa a zangon Dunkwa, sai in sa a je a ga wurin.